Cikar da Ba ta Ƙoshi Ba Ce

Zuwa ga ɗiyata Ummi,

Assalamu alaiki wa rahmatullah. Bayan gaisuwar da ta kamaci uba ga ɗiyarsa, bari in faɗi abin da na sani tun kafin in ɗauki alƙalami: ba za ki karanta wannan takarda ba. Kwana goma sha tara kika yi a duniya, dukansu a cikin akwatin gilashi, yau kuma kwana arba'in da uku ke nan da na sa ki a ƙasa da hannuna. Duk da haka ke zan rubuta wa, domin a cikin duk waɗanda wannan al'amari ya shafa, ke kaɗai ce ba za ki katse ni ba, ba kuma za ki nema mini uzuri ba.

Ni mai awon ruwa ne. Shi na karanta a jami'a, shi ne kuma aikina a ofishin ban ruwa: in je bakin tur'a, wato babbar magudanar da ke shayar da gonaki, in duba inda ruwa ya kai a jikin ma'auni, in rubuta shi yadda yake, ko ya yi wa manoma daɗi ko bai yi ba. Saboda haka zan fara da abin da na gani da idona, na ji da kunnena, a jere, kowanne da lokacinsa.

An ciro ki ranar Alhamis da hantsi a wani asibiti a birnin Madani, inda Larabci ne harshen ma'aikata, kina wata bakwai a ciki. Hawan jini ne ya kama mahaifiyarki, likitoci suka ce jira zai iya tafiya da ku duka biyu, aka yi mata aiki. Nauyinki kilo ɗaya da giram ɗari biyu. Aka sa ki a kwalbar bakwaini, wadda ma'aikatan wurin ke kira hadana, ta uku daga ƙofa. Aka zura miki siririn tiyo ta hanci har zuwa ciki, ta nan ake ba ki nono da sirinji duk bayan awa biyu. Nonon mahaifiyarki bai zo da yawa ba, don haka wani lokaci akan ƙara miki da madarar gwangwani. Bayan makon farko kika fara ƙaruwa. Ina da takardar da nake kwafe nauyinki a kai duk ranar da na zo, tana nan a aljihun rigar da ban sake sawa ba.

Ranar Asabar, kwananki goma sha bakwai, da ƙarfe goma da minti goma na safe, na shiga ɗakin tare da Inna, mahaifiyata, kakarki. Mahaifiyarki tana wani ginin ana wanke mata ɗinkinta, shi ya sa Inna ta kawo nonon da ta tatsa a madadinta. Aka ba mu riguna muka ɗora, muka wanke hannu. Inna ta tsaya a kanki kamar minti huɗu, ta sunkuya har numfashinta yana dusashe gilashin. Sannan ta ce: "Cikin yarinyar nan ya cika." Sista mai kula da ɗakin tana can gefe tana gyara wa wani jariri ƙarin ruwa. Ta ɗago kai ta tambaye ni da Larabci me haboba, wato kaka, take cewa. Na ce mata: "Shab'ana." Ma'anarsa ta ƙoshi. Sista ta yi dariya, ta ce masha Allah, ai yanzu aka ba ta. Muka fita da ƙarfe goma da minti ashirin.

Da ƙarfe goma sha biyu aka ba ki nono. Da ƙarfe biyu aka sake ba ki. Da ƙarfe huɗu, da sista ta ja tiyon da sirinji kafin ta ba ki na gaba, sai wani ruwa kore ya biyo. Ina baranda a lokacin, na ga ta fito da sauri ta wuce ni ba ta gan ni ba. Likitar yara ta zo, ta zagaya cikinki da tef ɗin awo, ta buɗe ƙunzugunki ta ga jini kaɗan. Ta ce a tsayar da abinci gaba ɗaya, a fara allurai, a ɗauki hoton ciki. Ranar Lahadi da safe cikinki ya ninka, fatarsa ta yi ja sannan ta fara duhu. Sau uku na ga numfashinki ya tsaya, ana shafa tafin ƙafarki kina dawowa. Hoto na biyu ya nuna hanjin ya huje. Likitan tiyata ya duba ki, ya ce jikinki ba zai ɗauki aiki ba, ya sa ɗan tiyo a gefen cikin don abin da ya taru ya fita. Ranar Litinin da ƙarfe goma saura minti ashirin na safe, kika rasu.

Wannan shi ne abin da na shaida. Kwana biyu, Ummi. Ranar Juma'a muna maganar irin zanen da za a naɗo ki a ciki ranar sallama. Ranar Litinin na naɗo ki a farin ƙyalle. Har yanzu idan na ɗora waɗannan ranaku biyu kusa da juna, hankalina ba ya yarda cewa kwana uku ne kawai tsakaninsu.

Likitar ta yi mini bayani a bayan wata takarda, da biro. Ta ce hanjin bakwaini bai gama ƙwari ba. Wani sashe nasa yakan kumbura, jini ya daina isa gare shi yadda ya kamata, ƙwayoyin cuta su shiga bangonsa, naman ya fara mutuwa tun jaririn yana da rai. Ta nuna mini wasu ƙananan ɗigo a hoton, ta ce iska ce a cikin bangon hanji, inda iska ba ta da hurumin zama. Ta ce ciwon yakan zo wa jaririn da ake ganin ya tsallake, a mako na biyu ko na uku, daidai lokacin da iyaye suka fara sakin jiki. Na fahimce ta nan take, kuma na tsani saurin fahimtar. Na taɓa ganin sabuwar magudana da aka sakar wa ruwa kafin gaɓarta ta zauna. Daga waje lafiya lau, a ƙasa ruwa yana cin ta. Ban gaya mata haka ba. Me zai sa in kwatanta ɗiyata da ramin ƙasa a gaban baƙuwa?

Yanzu zan gaya miki yadda labarin rasuwarki ya same ni, domin mutanen ƙauyenmu suna ba da shi ta wata fuska, kuma ni ban gyara musu ba.

Safiyar Litinin ɗin an bar mahaifiyarki da Inna sun shiga, ni ina kan benci a baranda tare da wasu iyaye maza. Inna ta fito, ta tsaya a gabana, ta ce: "Bashir, ta cika." Ni kuwa na miƙe, fuskata ta saki, na ce alhamdu lillah. Da ƙarfi na faɗa. Abin da ya zo raina shi ne an dawo da ba ki nono, kin sha, cikinki ya karɓa. Inna ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Sannan ta maimaita mini da Larabci, ita da ba ta taɓa yi mini Larabci ba tun da ta haife ni.

Na san kalmar, Ummi. Da ita aka gaya mini mutuwar mahaifina. Amma shekaru sun wuce ban ji ta da wannan ma'ana ba. Mu da muka tashi a makaranta, Larabci ya fi zama a bakinmu, Hausarmu ta tsakar gida ce, ta abinci da aike. A wurin aiki kuwa, idan manoman ƙauyenmu suka tare ni suka ce tur'a ta cika, albishir ne. Kunnena ya saba jin wannan kalma a matsayin alheri, har ya ji ta haka a ranar da bai kamata ba.

Mutanen da ke kan bencin sun ɗauka tawakkali ne. Ɗaya daga cikinsu ya san wani a ƙauyenmu Wad Haddad, labarin ya riga ni isa gida. A zaman makoki, dattawa suna ɗaga hannu suna yi mini fatiha, suna cewa ga abin da ilimi ke yi wa mutum, an ce masa ɗiyarsa ta tafi ya miƙe da fara'a yana gode wa Allah. Liman ma ya ambace ni a matsayin misali. Na zauna a kan tabarma ina karɓar yabon da ba nawa ba. Ta yaya zan ce musu ba haƙuri ba ne, harshen uwata ne ya kuɓuce mini?

A hanyar dawowa da ke, kina kan cinyata a bayan mota, nauyinki bai kai na littafin aikina ba, sai na haɗa safiyar Litinin da safiyar Asabar. Kalma ɗaya ce, daga baki ɗaya, zuwa kunne ɗaya. Sau biyu na juya ta zuwa ƙoshi.

Na daɗe ina nazarin wannan kalma. Watanninki ba su cika ba, shi ya sa kika shiga kwalba. Cikinki ya cika. Ke kika cika. Idan aka ce ciki ya cika, yana iya zama an ci an ƙoshi, yana iya zama ya kumbura. Larabci ya raba su, kowanne da kalmarsa, kuma da na zaɓi ta biyun, sista za ta ajiye abin da ke hannunta ta zo. Na sha gaya wa kaina cewa kalma ce mai fuska biyu, cewa an ba ki nono minti goma kafin mu shiga, cewa duk wanda ya tsaya inda na tsaya zai iya ɗaukar fuskar da na ɗauka. Wannan hujja ita ta riƙe ni tsaye kwana arba'in. Da ita nake zuwa aiki, da ita nake cin abinci.

Akwai kuma abin da ya kamata ki sani game da mahaifinki. A ɗakin jariran nan ana girmama ni. Sista tana kira na ya bashmuhandis, wato babban injiniya. Larabcina ba shi da alamar ƙauye, na yi shekaru ina goge shi. Idan Inna ta shigo da mayafinta na gona tana magana da Hausa, muryarta irin ta mai kiran mutum daga wancan bakin hawasha, wato gona, sai in ga kawuna suna juyowa. Babu wanda ya taɓa ce mana komai a wurin, wannan in faɗi gaskiyarsa. Amma na tashi ina jin sunayen da ake kiran mutanenmu da su a kasuwa da cikin mota, kuma tun ina ƙarami na koyi gajarta maganar Inna idan ina juya ta ga ma'aikaci. Takan faɗi goma, in isar da biyu. Ina kiran wannan ladabi.

Inna kuwa shekara arba'in tana wankan jarirai a ƙauyenmu. Ba ta yi karatu ba, amma babu gidan da ba ta shiga da tukunyarta ba. Rabin samarin da ke tsinkar auduga yanzu ita ta fara ɗaga su sama ta duba cibiyarsu. Ta san cikin jariri kamar yadda na san ma'aunin ruwa. Wannan matar ce ta tsaya minti huɗu a kanki.

Ga labarin gida. An gama yankan dawa, ta yi kyau bana. Audugar hawasharmu ta buɗe, an fara tsinka ta farko. Fatar ragon sunanki tana nan a rataye a zaure. An yi sunan ne babu ke, kina Madani, aka yanka rago a nan aka raɗa miki sunan Inna, shi ya sa muke ce miki Ummi. Mahaifiyarki ta dawo ɗakinta, ɗinkin ya warke. Washegarin binne ki nononta ya zo da yawa, har yana jiƙa riga, wanda muka yi kwana goma sha tara muna roƙo. Ta zauna tana kallonsa ba ta yi kuka ba. Da farko kanta ta ɗora wa laifi, ta ce da nononta ya isa da ba a ba ki madarar gwangwani ba. Likita ta gaya mata cewa nonon uwa yana rage haɗarin, amma ciwon yakan kama har waɗanda ba su taɓa shan komai ba sai shi, kuma ba ita ta hana nonon zuwa ba. Ta ɗan samu sauƙi.

Sai ranar da muka koma karɓar takardar rasuwarki. Sista ta gan mu, ta rungume mahaifiyarki, ta yi kuka tare da ita. Cikin lallashi ta ce babu wanda ya ga zuwansa, ai ko da safiyar ranar haboba da kanta ta duba ta ce yarinya shab'ana ce. Da kyakkyawar zuciya ta faɗa. Ina tsaye a wurin, takardar tana hannuna. A cikin raksha, keken haya mai ƙafa uku, mahaifiyarki ta tambaye ni ko Inna ta gan ki da safen nan. Na ce ta gan ki. Ta tambaya ko abin da ta ce ke nan. Na kalli titi. Ta ɗauki shiruna a matsayin amsa, kuma na bar ta ta ɗauka.

Tun daga ranar, mahaifiyarki tana gaida Inna da safe cikin ladabi, tana durƙusawa yadda ta saba, amma ba ta ƙara zama kusa da ita ba. Idan Inna ta aiko da kunu, yakan huce a inda aka ajiye shi. Mahaifiyarki ta gaya wa yayarta abin da sista ta ce, yayar ta gaya wa wata, maganar ta zaga. Yanzu ana cewa idon tsohuwa ya tafi, ta kalli jikarta tana mutuwa ta ce ta ƙoshi. Makon da ya wuce matar maƙwabcinmu ta haihu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Inna ta ji kukan jaririn, ta tashi ta wanke tukunyarta, ta ɗaura zane, ta zauna a bakin ƙofa tana jiran aike. Har azahar babu wanda ya zo. Wata aka ɗauko daga wancan ƙauyen. Na ga Inna ta mayar da tukunyar ƙarƙashin gado, ta ɗauki tsintsiya ta fara sharar tsakar gidan da ta riga ta share.

Ba ta ce mini komai ba, Ummi. Ko sau ɗaya. Kada ki ɗauka ba ta ji abin da na gaya wa sista ba. Wadda ta yi rayuwarta tana tsinkar auduga tare da Larabawa ta san shab'ana sarai. Ta ji, ta dube ni, ta yi shiru, domin ba za ta ƙaryata ɗanta mai karatu a gaban baƙi ba, kuma wataƙila ta ɗauka na san abin da ba ta sani ba. Yanzu ma tana jin abin da ake faɗa a kanta, tana ɗauke da shi, don kada ya faɗo a kaina. Jiya ta zuba mini shayi ta ce: "Sha, ɗana, ka rame." Wa ya kamata ya ce wa wani haka?

Na koma wurin likitar ni kaɗai. Ban gaya mata gaskiya ba, tambaya na yi mata kamar ta ɗalibi: da a ce wani ya lura da cikin da ƙarfe goma, me zai canja? Ta ajiye bironta. Ta ce ita da kanta ta duba ki da ƙarfe takwas, cikinki da laushi. Ta ce da an gani da goma, da an tsayar da nono, an ɗauki hoto, an fara allurai da wuri. Ta ce akwai waɗanda ake kamawa a sa'ar farko su tafi duk da haka, akwai waɗanda ake kamawa a makare su rayu, kuma naki ya zo da gudu irin wanda ba a cika tarewa ba. Na ce ta ba ni lamba, kashi nawa cikin ɗari. Ta ce ba ta da lambar da za ta ba ni, kuma ko tana da ita ba za ta gaya mini komai game da ke ba. Ta ɗauka Inna nake nufi, ta ce in yafe wa tsohuwar.

Ga abin da ya rage a hannuna: awa shida, da ciyarwa biyu, ta sha biyu da ta biyu, kowace mililita goma sha biyar. Cokali biyu ke nan na cin abinci, duka. Na auna su a kofi na ajiye a gabana na kalla. A wurin aiki ina sakin ruwan da zai cika gidanmu har rufi a cikin minti ɗaya, ban taɓa jin nauyinsa ba. Ban sani ba ko waɗannan cokula biyu ne suka huda hanjinki, ko ya riga ya mutu tun kafin mu wanke hannu. Ba zan taɓa sani ba. Na yarda ajali ba ya wuce lokacinsa, ban yi jayayya da Ubangiji ba. Amma ajalinki daban, abin da na faɗa daban, kuma na biyun ni za a tambaya.

Akwai abubuwan da ban gaya miki ba kina da rai. Ban taɓa kiran sunanki ba. Ke ce ɗiyar fari, kuma sunan uwata gare ki, kunya biyu ta rufe mini baki. Da na yi miki kiran salla a kunne, ta ƙaramar tagar kwalbar na yi, a hankali, don kada a ji. Tafin ƙafarki kawai na taɓa, da ɗan yatsa, sau biyar. Na ƙirga. Sista ta taɓa cewa in buɗe rigata a ɗora ki a ƙirjina, wai yana taimakon bakwaini. Na ce a bar wa mahaifiyarki. Tsoro nake ji kada in karya ki, amma na bar su suka ɗauka kawaici ne. Ranar da na fara ɗaukar ki, kin riga kin yi sanyi. Kin san muryata kuwa? Ko ta Inna kawai kika sani, ita da ke yi miki magana da ƙarfi ba ta damu da masu juyowa ba?

Wannan ce takarda ta farko da na rubuta da Hausa a rayuwata. Rahotannina duka da Larabci nake yi, kuma da shi wannan ma za ta fi yi mini sauƙi. Na yi kwana uku a kanta, ina tsayawa ina neman kalma. Na zaɓi haka ne saboda a tsakanin harsunan nan biyu na yar da ke, kuma saboda abin da na yanke shawarar yi da ita.

Ba za ki karanta ba, amma za a ji ta. Na roƙi mahaifiyarki da Inna su zauna tare da ni yau bayan la'asar, a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida. Zan karanta musu ita daga farko har ƙarshe, da harshen da Inna ta yi maganar da shi, ba tare da na gajarta ba. Bayan haka zan shiga gidan maƙwabcinmu, sannan in je wurin liman. Ban san abin da mahaifiyarki za ta yi ba. Tana iya tattara kayanta ta tafi Kamlin wurin iyayenta, kuma ba ni da bakin hana ta. Kwana talatin da shida na bar ta tana ƙin matar da ba ta yi mata komai ba, ina kwana kusa da ita. Ban sani ba ko wannan ya fi kalmar muni. Ina jin ya fi.

An ce irinku ba ku da hisabi, kuna can cikin aminci, kuna jiran iyayenku a bakin ƙofa. Idan haka ne, ki fara kama hannun mahaifiyarki, sannan na kakarki mai sunanki. Ni ki bar ni a baya har a gama tambayata.

Allah ya sanyaya makwancinki, ya sa babu sauran ciwo a cikinki. Na bar ki a hannun wanda ba ya bukatar a juya masa magana.

Mahaifinki,
Bashir Adam Haruna

Gyara. Na sake karanta takardar kafin in fita wurinsu, kuma Inna tana ɗakin a ranar, za ta san inda na yanke. A bayanin safiyar Asabar na rubuta cewa ta ce: "Cikin yarinyar nan ya cika." Ba a nan ta tsaya ba. Ta kama hannun rigata ta ƙara da cewa: "Dubi yadda yake ƙyalli. Wannan ba cikar ƙoshi ba ce. Gaya mata." Na ji duka. A gyara.